Mutumin da Ya Riƙe Mana Eriya

Ni na fara ganewa. A rubuta wannan tun daga sama, don yanzu da labari ya bazu, har masu gyangyaɗi a kan benci suna cewa su ma sun lura. Ƙarya suke yi. Duk layinmu ni ne, Baba Sha-Wuya, tsohon mai haƙar rijiya, na fara gane cewa Mai Eriya bai taɓa ganin gasar da yake nuna mana ba. Ban taɓa shiga aji ba ko don fakewa ruwa. Wannan ma babbar 'yata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini magana. Amma ido ina da shi. Mutumin da rijiya ta rufta da shi sau biyu ya fito da ƙafafunsa ba a koya masa lura.

Mai Eriya gyaran talabijin da rediyo yake yi, a shago na ƙarshe kafin kwalbati. Da sassafe zai buɗe, ya yayyafa ruwa ya share, ya fito da matattun talabijin ya jera su a bakin ƙofa kamar masu jiran likita. Sai ya ɗora tabaransa mai ƙafa ɗaya da zare, ya sa ƙarfen dalma ya yi zafi. In ka kawo masa kaya ba ya saurin kwancewa. Kunnawa yake yi ya kara kunne, ya yi shiru, can ya ce, "Na ji ta." Kuma ya ji ta ɗin. Maigadin makaranta yana nan da rai, a tambaye shi: rediyonsa ta faɗa cikin kwata, kowa ya ce ya jefar, Mai Eriya ya shanya kayan cikinta a faranti ya mayar, har yau ita ke taya shi gadi.

To, ranar Asabar bayan la'asar shagon ba shago ba ne. Ana ture kaya gefe, a shigo da benci, a kunna babbar talabijin da ya harhaɗa daga gawar wasu uku. Lokacin gasa ne. Ga wanda bai san ta ba: mai gabatarwa yana ɓoye abu a ransa, ya ba da alama uku ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya canka tun a ta farko shi ke kwashe maki mai tsoka. Kai tsaye ake yi, ba a maimaitawa, in ta wuce ka ta wuce.

Matsalarmu dutse ne. Layinmu a kwari yake, dutse ya tsaya tsakaninmu da tashar, hoto sai ya ga dama yake zuwa. Mai Eriya ya ƙara wa sandar eriya tsawo, ya kafe ta da siminti, ya ɗaure ta da waya, duk a banza. Iska na juyawa hoto zai tsere, allo ya cika da yayyafi. Sai ya kwance komai ya ce hannu ne maganinta. Ya ja waya ya kai 'yar sifika saman rufin shago. Da an fara kiɗan buɗewa zai kama tsani ya hau, ya rungume sanda, kunnensa a kan sifika. Kafin hoto ya lalace akwai wani ɗan huci da sauti ke yi, shi kaɗai ke jin sa, sai ya murza sanda kaɗan, mu a ƙasa ko ƙiftawa ba mu gani ba. Rana ta dake shi, ruwa ya dake shi da buhu a ka. In ba tsawa ake yi ba, ba ya sauka. Shekara ta fi ashirin.

Mu kuwa a ƙasa, wayyo! Ba a jin kiran juna. Na tuna ranar da mai gabatarwa ya ce, "Alama ta farko: yana tashi sama, amma bai taɓa yin ƙwai ba."

Direba, wanda tsohon direban tirela ne mai murya kamar hon, ya miƙe ya ce, "Jirgin sama! Wallahi jirgin sama!"

Ticha, wanda ya yi ritaya amma bai daina tsawata wa mutane ba, ya ce, "Zauna, Direba. An ce mai rai ne."

"To matuƙin ba mai rai ba ne? Ka taɓa jin ya yi ƙwai?"

"Alama ta biyu: kansa a ƙasa yake barci."

Tela ya jefa hularsa sama ya ce, "Jemage!"

Ni na riga shi sani, tari ne ya tare ni. Jemagun da na kora daga tsofaffin rijiyoyi sun fi allurar da Tela ya taɓa riƙewa yawa. Ranar har magariba ana musu ko jemage tsuntsu ne ko ɓera ne da ya samu sa'a. Haka muke. A kwana ana tauna alama ɗaya, a tashi da ita, a kai ta wurin ɗinki da wurin aski har wata Asabar.

A irin wannan hirar na kama abin. Washegarin wata gasa muna zaune a ƙofar shago, Tela yana kushe ɗinkin rigar mai gabatarwa, sai Mai Eriya ya ce, ba tare da ya ɗago daga aikinsa ba, "Ai ƙaton mutum irin wannan, ga tumbi ga gemu, ɗinka masa riga sai an yi haƙuri."

Kowa ya fashe da dariya, an ɗauka zolaya ce. Don mai gabatarwa ɗan tsurut ne, ko gashin baki ba shi da shi, muryar ce kawai Allah ya ba shi kamar ganga. Ni ban yi dariya ba. Na dubi fuskarsa na ga ba wasa yake ba. Da aka watse na matsa kusa.

Na ce, "Ƙanena, tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin fuskar mutumin nan?"

Ya ce, "Ina jin muryarsa, Yaya. Ya isa."

"Shekara da shekaru?"

"To in na sauko na zauna, wa zai gani?"

Kai ne ka faɗi wannan, Mai Eriya, kana goge dalma a tsumma kamar ba ka faɗi komai ba. Kai ne idon layi, kuma kai kaɗai ne ba ka kallo. Mun san launin takalmin mai gabatarwa, mun san lokacin da ya sake agogo, kai kuwa rana da shaho ka sani.

Na kai magana gaban jama'a, aka yi ta salati, aka ce lallai a karɓe shi. Ya ƙi. Da aka matsa masa ya yarda a gwada Asabar ɗaya, Direba ya hau. Ranar ba mu ga komai ba sai yayyafi. Muna ihu "Hagu! Dama!" mutum goma baki goma, Direba yana juya sanda kamar sitiyarin tirela a kan gangara. Kafin a kai alama ta uku Mai Eriya ya riga ya kama tsani. Ko ranar bai ga fuskar kowa ba.

Sai ga babban labari. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti, ta tsallake tantancewa, za ta fito a gasa. Yarinyar da ta yi rarrafe a cikin wayoyin shagon nan! Layi ya rikice. A makon kuma likita ya duba gwiwoyinsa ya ce tsani ya ƙare masa, 'ya'yansa suka ce wannan Asabar ce ta ƙarshe, ya miƙa wa ɗan wansa shago ya huta.

Ya ce, "To ta ƙarshen zan hau. Gara duk layi su gan ta da in zauna ni da su muna kallon yayyafi. Mahaifiyarta ma za ta zo."

Kun ji inda aka tsaya. Ko shi ya ga 'yarsa, ko kowa ya gan ta. Ni na kwana biyu ina juya abin, sai na tuna sana'ata. A rijiya na ƙasa ne ke ba na sama umarni, kuma ba da baki ba, don murya ɓacewa take yi. Da igiya ake magana. Na ciro tsohuwar igiyata daga ƙarƙashin gado, wadda ta fito da ni daga rami a karo na biyu, na kai shago na jefa a gabansa.

Na ce, "Kunnenka muke buƙata, ba ƙafarka ba. A sauko da sifika ka riƙe a kunne. Igiya ta bi ta taga ta hau sama a ɗaura wa Direba a ƙugu. Ja ɗaya, hagu kaɗan. Ja biyu, dama kaɗan. Ka saki, ya tsaya cak. Duk wanda ya buɗe baki ya ce hagu ko dama, ni zan fitar da shi da kaina."

Direba ya ce, "Baba, akuya ka mayar da ni?"

Na ce, "Akuya ta fi ka jin magana. Hau."

Ranar Asabar shago ya cika har kan kwalbati. Mata a gefe ɗaya da Maman Auta a gabansu, masu leƙe ta taga sun hau kan juna. Na zaunar da Mai Eriya a tsakiyar bencin gaba, na sa kujerata a gindin tsani na zauna da sandata. Aka fara kiɗa. Allo ya yi fari fat, yayyafi ya sauko. Ya zabura zai miƙe.

Na ce, "Ƙanena, ƙasa ta danne ni har wuya ban ba ta hanya ba. Kai ma ba za ka wuce ba. Ja igiya."

Ya koma ya zauna. Ya manna sifika a kunne, ya rufe ido don haka ya saba. Ja ɗaya. Ja ɗaya. Ja biyu. Ya saki. Hoto ya faɗo tar kamar an wanke shi!

Maman Auta ta ce, "Malam, buɗe idonka mana!"

Ya buɗe. Ya ƙura wa allo ido, ya gyara tabarau, ya ce, "Wannan ɗan ficicin ne? Ina sauransa?"

Shago ya kusa tsagewa da dariya. Kafin ta lafa sai ga Auta a bayan teburinta, da farin mayafi, tana murmushin nan nata na gefe ɗaya. Bakin Mai Eriya ya buɗe bai rufu ba. Amma ku ji aiki: idonsa na kan 'yarsa, hannunsa bai daina magana da Direba ba. Ja ɗaya, saki. Ja biyu, saki. Hoto ko motsi.

Aka yi ta fafatawa, ta ci wasu, wasu suka kuɓuce mata, har aka zo tambayar ƙarshe tana kunnen doki da wani dogon saurayi. Mai gabatarwa ya ce, "Alama ta farko: in ya daɗe a waje yana shan iska da ruwa, kore yake komawa."

Na ce, "Bangon rijiya!" Kuma har gobe ban janye ba, duk wanda ya leƙa tsohuwar rijiya ya san gansakuka.

Tela ya ce, "Kwaɗo!" Ticha ya ce a bari a ji ta biyu. Ni kuwa na ga leɓen Mai Eriya yana motsi ba sauti. A allo Auta ta danna ƙararrawa tun kafin saurayin ya ɗaga hannu.

Ta ce, "Jan ƙarfe. Wanda ke cikin wayar wuta. A shagon babana na san shi."

"Daidai ne!"

Jama'a, ban taɓa jin ihu irin wannan ba, ko ranar da aka zaro ni daga rami. Maman Auta ta rangaɗa guɗa. Mai Eriya, mai ciwon gwiwa, ya yi tsalle ya ɗaga hannu biyu sama, ya manta igiya na naɗe a hannunsa. Sai muka ji rim a kan rufi, Direba ya zauna daɓas, sanda ta juya, allo ya koma yayyafi. Ba wanda ya ga an miƙa mata kyauta. Daga sama Direba yana kururuwa, "Wannan jan hagu ne ko dama? Ta ci ne? Ku gaya mini mana!"

Aka ruɗe ana neman a dawo da hoto. Mai Eriya ya zauna, ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga, ya ce, "Ku bar shi. Na gan ta."

Mun gode, Mai Eriya. Kai ne ka tsaya a rana muka zauna a inuwa, ka ba mu abin musu na shekaru, ba ka taɓa cewa a gode maka ba. Allah ya huta da gwiwoyinka, ya sa 'ya'yanka su riƙe ka yadda ka riƙe sandar nan. Yanzu ya bar shago, amma duk Asabar yana bencin gaba da igiyata a hannu, rufi kuma karɓa-karɓa ake yi, har Ticha ya hau da babbar riga. Ku kuma masu karatu, duk inda kuke zaune kuna jin daɗin wani abu, ku ɗaga kai ku duba wa ke tsaye a sama. In kun gan shi ku karɓe shi, kada ku jira sai gwiwarsa ta gaza.

Wanda kuma ya ce tsoho ya ƙara gishiri, ya zo ranar Asabar. Zan kai shi gindin tsani da kaina. Ya hau ya ga inda tafin hannun mutum ɗaya ya cinye fentin sanda har ƙarfe yana ƙyalli. Sannan in ɗaura masa igiya a ƙugu, ya tsaya a rana daga kiɗan buɗewa zuwa na rufewa, yana jin muna ihu a ƙasa bai san me aka gani ba. In ya sauko da sauran bakin musu, ina zaune ina jiransa.