Agogon Sadatu Mai Tuwo

A unguwar Badariya, in ka ce gidan Sadatu mai tuwo, kowane ɗan kabu-kabu ya san inda zai sauke ka. Ta daɗe tana tuƙa tuwon shinkafa da miyar sure a rumfar ƙofar gidanta, direbobi da ma'aikata suna cika mata benci da rana. Tun tana budurwa mai jiki ce, amma bayan haihuwar auta ƙibar ta wuce misali. Gwiwoyi suka gaza, ciwon suga ya shigo, har sallah ta koma yi a kan kujera. Mutane kuwa albarka kawai suke gani.

Babbar ɗiyarta Ummu Hani, mai aikin jinya a Abuja, ita ta nace sai an yi mata tiyatar rage tumbi. Sadatu ta daɗe tana ƙi, sai da likita ya gaya mata sugan ya fara taɓa idonta sannan ta yarda.

Ta dawo gida da cikin da 'yan cokula kaɗan ke cikawa. Ranar da Ummu Hani za ta koma, ta ɗaura mata wani baƙin agogo a hannu.

"Inna, wannan zai riƙa ƙirga takunki. In kin daɗe zaune sai ya motsa, ki tashi ki zagaya. Ni ma ina gani a wayata."

"Ashe ɗan sanda kika ɗaura mini," in ji Sadatu.

Da farko tsakar gida kawai take zagayawa, tana dafa bango. Bayan ta sami ƙarfi ta koma bakin murhu, sai Ummu Hani ta fara kira tana murna, wai Inna ta fi kowa tafiya. Sadatu ta san ba ta wuce rumfa ba. Da ta lura sai ta gane duk lokacin da ta kama muciya, agogon ɗauka yake tafiya take yi. Ta kwana biyu tana jin daɗin yabon. Amma numfashinta bai sauya ba, gwiwoyin ma haka. Sai ta kafa ƙusa a jikin rumfa, in za ta tuƙa tuwo ta rataye agogon a nan. Da ta ba Ummu Hani labari, dariya suka yi ta yi a waya.

Abin da ya fi yunwa yi mata ciwo shi ne idon mutane. Zannuwanta suka yi mata yawa, fatar damtsenta ta saki. Wata rana Albashir, direban da ya daɗe yana cin tuwonta, ya rage murya ya ce, "Hajiya, lafiya dai ko? In wani ciwo ne kada ki ɓoye." Wasu ma suka daina zuwa. Lokacin da take ciwon gaske ana yi mata barka, yanzu da take warkewa ana yi mata jaje.

Maƙwabciyarta Baiwa ce ta fara raka ta fita da safe. Duk wanda ya gamu da su sai ya tambayi inda za su, don a unguwar ba a saba ganin mace tana tafiya ba dalili ba. Sai suka nemo wa tafiyar dalili. Albasa da tattasai da a da aike take yi, ta koma sayowa da kanta. Suna zuwa duba marasa lafiya, suna zuwa barkar haihuwa. Sadatu ta shiga gidajen da rabonta da su tun yaranta suna goye. Wani lokaci har mantawa take da duba agogon, sai in ya motsa.

Da aka yanke shinkafa, ta tafi Argungu gaishe da yayanta Labbo, masunci, wanda bai gan ta ba tun kafin tiyatar. Ba ta same shi a gida ba, ta taka har bakin gulbi. Yana zaune yana ɗinkin komar kamun kifi. Ta yi sallama, ya ɗago, ya daɗe yana kallonta.

"Yaya, ni ce fa."

"Na sani," ya ce, yana share ido da hannun riga. "Innarmu ce na gani. Haka take tafowa in ta kawo wa Baba abinci."

Sadatu tana ƙarama uwarsu ta rasu, kuma ko hotonta babu. Ta zauna kusa da shi a kan yashi, ta ce ya faɗa mata yadda Innar tasu take. Ya aje komar, ya fara tun daga muryarta.