Gwiwata Ta Naɗu, Takwara

Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran jikana kuma takwarana, likitan gashin ƙashi, bayan zazzaɓin da bai daɗe yana jinyarsa ba. Dukanmu na Allah ne, wurinSa kuma muka dosa. Shi dai ya riga ni, abin da ban taɓa kawowa a raina ba.

Da aka sanar da rasuwar, da yawa daga waɗanda suka ji sunan sun ɗauka ni ne. Ba laifinsu ba ne. Sunanmu ɗaya, kuma ni ne tsoho. Suka yi ta shigowa da ta'aziyyar tsohon kafinta a bakinsu, sai su tarar da ni zaune a kujera, su tsaya cak. Wani abokin sana'ata har ya ce, "Au, ashe kana nan?" Na ce ina nan. Ban taɓa jin nauyin wannan amsa kamar ranar ba.

Takwara, da kai zan yi magana. Ka san ban iya rubutu ba. Ƙanwarka ce riƙe da biro, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Na san kanka tun bai yi tauri ba. Ranar da aka haife ka, da aka miƙo mini kai cikin tawul, na ɗora yatsa a maɗigarka na ji tana bugawa a hankali. Bayan ka girma ka yi karatunka, kai ka gaya mini ƙoƙon kai ba ƙashi ɗaya ba ne, ɓangarori ne da ke haɗuwa su manne, su zama gaɓar da ba ta motsi. Na ce abin da ba ya motsi, don me za a kira shi gaɓa? Ka ce, "Don a samu abin kwatanta ka da shi, Tsoho. Naka kan ai tun a ciki ya manne."

Na taɓa ganin ka a wurin aikinka, wani dogon ɗaki mai sandunan ƙarfe biyu da majinyata ke dafawa suna koyon tafiya, da igiya rataye a rufi, da gadaje masu tauri. Akwai wani direban babbar mota da kafaɗarsa ta sandare, ko riga sai matarsa ta sa masa. Ƙato ne, amma yana hawaye. Ka tsayar da shi gaban bango ka ce ya hau shi da yatsu, kullum ya ɗara na jiya, kana yi masa alama da alli. Ranar jana'izarka ya zo, kuma da wannan kafaɗar ya ɗauki makararka. Akwai wata tela da babban yatsanta ya ƙi riƙe almakashi. Ta ce sana'arta ta ƙare. Ka ce, "Inna, yatsan nan ya fi sauran 'yan'uwansa wayo, shi kaɗai ke iya zagayawa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Fushi ya yi, za mu lallashe shi." Ka lallashe shi kuwa. Irin waɗannan suna da yawa, tun ranar Talata suke zuwa, kowa da gaɓar da zai nuna mana.

Ni ne majinyacin da ya fi ba ka wahala. Bara na hau tsani zan gyara rufin shagona, duk da mahaifinka ya hana ni, na faɗo, ƙoƙon gwiwata na dama ya fashe. Aka yi aiki, aka ɗaure ƙafar. Da aka kwance ta, sai ga ta miƙe sambal kamar katako. Tun daga nan salla ta koma kan kujera. An ce mini ya halatta, ban musa ba. Amma mutumin da tun yana yaro goshinsa ya saba da ƙasa, ka ajiye shi a ƙarshen sahu yana sunkuyar da kai a iska, shi kaɗai ya san abin da yake ji. Kai kaɗai na gaya wa. Na ce ba na son in mutu goshina bai sake taɓa ƙasa ba.

Ba ka yi mini dogon bayani ba. Ka ja ni shago, ka tsaya gaban tsohon kabad ɗin nan da na daina buɗewa, ka ja ƙyauren, ya yi ƙara ya ƙi. Ka ce, "Me ya same shi?" Na ce tsatsa, yaro ma ya sani. Ka ce, "To gwiwa ƙyaure ce. Ita da gwiwar hannu aikinsu buɗewa da rufewa. Kafaɗa da ƙugu su ne masu yawo, kan ƙashi ne mulmulalle zaune cikin ƙoƙo, yana juyawa ko'ina. Kowace da irin tafiyarta, amma duk wadda aka bari ba motsi, sai ta koyi halin ƙoƙon kai." Ka ce in riƙa zama a bakin benci ina jan dunduniya baya, safe da yamma, ko da zafi. Na girgiza kai. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce, "Ka ga wannan? Wuya kenan, yana juyawa a kan ƙashi guda kamar makulli a kwaɗo. Duk jikinka ita ce gaɓar da ba ta taɓa tsatsa ba, don kullum cikin cewa a'a take."

Na ce ƙashi ya karye, hutu yake so, ba wahala ba. Haka na gani tun tasowata, kuma ba jikan da na goya ne zai canja mini ba. Watanni suka wuce a haka. Duk ranar hutunka sai ka zo, ka durƙusa gabana da fararen kayanka, ka ɗora ƙafata a cinyarka, ka murza, ka lanƙwasa kaɗan, ina zagin ka kana amsawa da "Na gode." Wani lokaci ka ɗaga murya don kakarka ta ji daga ɗaki: "Amarya, haɗa kayanki. Wannan mijin naki ya zama gungume, ni zan riƙe ki." Ita kuma ta ce ta daɗe da haɗawa.

Ban san ranar da na sauko ba. Na dai wayi gari na ga kaina a bakin benci ina jan dunduniya, gumi na zuba. Da ka gani ba ka yaba ba, ka san in ka yaba zan fasa. Sai ka koma auna mini da hannu, irin awonmu na kafintoci, tsakanin dunduniya da bayan cinya. Zuwanka na ƙarshe ka auna ka ce, "Saura taki ɗaya, Tsoho. Ranar da ta naɗu, ni zan tsaya a damanka, in ka kasa tashi in ɗago ka." Na lura tafin hannunka da zafi a kan fatata. Na tambaya, ka ce gajiya ce.

Da aka jera sahu za a yi maka salla, aka kawo mini kujera. Na ce a ɗauke. Sai a lokacin abin ya faɗo mini: sallar gawa ba ruku'u, ba sujada. Duk wahalar da ka sha don gwiwar nan ta lanƙwasa, sallar da zan yi maka ba ta bukatarta. Na tsaya a miƙe kamar kowa, aka yi kabbara, aka sallame.

A maƙabarta, da aka sa ka aka fara mayar da ƙasa, na matsa don in zuba tawa. Ban yi shawara da kowa ba, ban kuma yi da ƙafata ba. Na dai ga hannuwana cikin ƙasa, ina turawa. Sai da aka shafa addu'a mutane suka fara juyawa, na ji mahaifinka a kaina yana cewa, "Baba, a durƙushe kake." Na duba. Gwiwoyina biyu a ƙasa, ta daman ta naɗu kamar ba abin da ya taɓa samun ta. Na yunƙura zan tashi na kasa, sai na miƙa hannu dama ba tare da na waiwaya ba. Hannun ya daɗe a iska kafin direban nan ya kama shi.

Na san kwana ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Abin da ke ci na shi ne watannin da na ɓata ina girgiza kai. Da na fara ranar da ka ja ƙyauren kabad, da ka gani da idonka, da ka samu abin tsokanata har ƙarshen kwanakinka. Taki ɗaya ya rage, Takwara, kuma ni na riƙe shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifinka, ɗana, wanda ya sa maka sunana don sunan ya daɗe bayana. Da mahaifiyarka, da matarka mai haƙuri, da 'ya'yanka biyu, da ƙannenka, da kakarka da har yau ba ta iya kallon bencin nan. Da abokan aikinka, da duk wanda ka bari tsakiyar jinya. Ku majinyatansa ina roƙon ku, abin da ya ce ku yi, ku yi shi yau.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Yadda ka sassauta wa bayinSa abin da ya sandare, Allah Ya sassauta maka hisabi. Ya raya abin da ka bari, Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Kujerar na mayar da ita shago. Wannan addu'ar kuma, tun asubar Laraba, goshina a ƙasa nake yi maka ita. Amin.