Ranar da Jirgi Ya Tafi Ya Bar Mu

Mama tana cikin shekararta ta uku a gidana a Woodbridge, can ƙasar waje, lokacin da abin ya faru. Ni nas ce, a sashen tsofaffi ma nake aiki, don haka ba ni da bakin cewa ban ga alamu ba. Ta taɓa ajiye takalminta a firji. Ta taɓa tambayata ko Baba ya dawo daga gona, alhali ya rasu tun ina makarantar jinya a Kafanchan. Sai in ce wa kaina kaɗaici ne, tunda ita kaɗai take yini a gida.

Maigidana ne ya ce mu shiga jirgin ruwan shaƙatawa da ke tashi daga Baltimore, mu da 'yan matanmu biyu, ko Mama ta sha iska. Kwana uku na farko ta ji daɗi ƙwarai. Rana ta huɗu jirgi ya tsaya a wani ɗan gari na bakin teku. Titin kwalta ɗaya ne a garin, da shaguna masu fentin shuɗi da ɗorawa, ana sayar da huluna da riguna. An gargaɗe mu kowa ya dawo kafin huɗu da rabi, ƙarfe biyar za a tashi.

Maigidana ya tafi da yara iyo. Ni da Mama muka zauna ƙarƙashin lema. Wajen ƙarfe biyu na tashi zuwa banɗaki.

“Mama, zauna nan, kar ki tashi.”

“Ina za ni? Wa na sani a nan?”

Na tarar da layi. Da na dawo, kujerar ba kowa, sai jakarta, da katin shiga jirgi a ciki.

Ruwa na fara dubawa. Na tsaya ina ƙirga kawunan da ke cikin tekun nan. Na bi bakin ruwa da gudu, na dawo, na shiga shago bayan shago ina nuna hotonta a waya. Wasu su girgiza kai, wasu su ce sun ga tsohuwa mai ɗankwali, amma wannan ya nuna gabas, wancan ya nuna yamma. Maigidana ya bi ɗaya ɓangaren da yara, jikinsu duk rairayi. Ɗan sanda ɗaya muka samu a ofishinsu. Ya ɗauki hoton, ya hau babur, ya ce kada in damu, garin ƙarami ne.

Ƙarfe huɗu da kwata muna bakin jirgi. Ma'aikaciyar da ke duba kati ta tabbatar Mama ba ta shiga ba. Na roƙe ta, na kama hannunta, na ce tsohuwa ce, ba ta jin Turanci, tana da hawan jini. Matar ta yi waya sama har sau biyu. Daga ƙarshe ta ce jirgi ba zai iya jira ba, amma za a sauko mini da fasfo ɗinmu da maganin Mama.

Maigidana ya ce, “To mu sauka duka.”

“A'a, Baban yara. Shiga da su. Kar su ga abin da ban san ko mene ne zan tarar ba.”

Ƙaramar tana kuka tana kiran Kaka. Da ƙyar ya ja su ciki. Aka miƙo mini ambulan ɗin fasfo da magani, na juya, ban tsaya ɗaga musu hannu ba.

Da jirgi ya busa ƙaho, gari ya yi tsit. Masu shago suka fara rufewa. Na bi titin har inda kwalta ta ƙare, na shiga unguwar da mutanen garin ke zama, gidajen kwano da awaki a ɗaure. Ina tafe ina kiran “Mama! Mama!” Duk tsohuwar da ke ƙofar gida sai ta ɗago. Da muryata ta dishe, sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na kira ta da sunanta na yanka. Na yi addu'a iri-iri, wata ma ba addu'a ba ce, rigima ce da Allah.

Waƙa na fara ji, waƙar zumuntar mata ta cocinmu na gida, daga bayan wani gida mai hayaƙi. Na zagaya. Wata mata tana soya kifi, Mama kuma tana zaune a kan kifaffen bokiti tana feraye rogo tana rera waƙar, ƙafarta ɗaya ba takalmi, jini ya bushe a yatsa.

Matar ta ce mini tun rana ta shigo, ta zauna, ta ɗauki wuƙa kamar gidansu. Ta ba ta ruwa da kifi, ta zaci baƙuwar maƙwabta ce.

Na durƙusa a gabanta. Mama ta dube ni da fara'a.

“Sannu, baiwar Allah. 'Yata nake jira, ta tafi makaranta ba ta dawo ba. Ko kin gan ta a hanya?”

“Mama, ni ce.”

Ta ƙare mini kallo, ta yi dariya. “A'a, tawa ƙarama ce.”

Sau nawa na koya wa 'ya'yan marasa lafiya cewa kada su yi musu? Na haɗiye kukan, na ce, “Na san inda take, Mama. Tashi in kai ki.”

Ta ce sai ta gama aikin mutane. Na zauna a ƙasa na jira ta gama sauran rogo uku. Mai kifin ta kawo ruwan ɗumi na wanke ciwon, ta ba mu silifas ɗinta, ta raka mu wani ƙaramin masauki. Daga can ana hango jirgin, ya yi nisa.

Da safe ta gane ni. Ta tambayi yara, ta yi mini faɗa wai na bar ta ta kwana da zanen jiya. Ba ta tuna komai ba. Kwana biyu muka yi kafin mu samu jirgin sama, muka canja sau biyu. Mun riga maigidana da yara isa gida. A tasi, cikin cunkoson hanyar Woodbridge, ta yi barci a kafaɗata, ni kuma ina riƙe da bakin zanenta har ƙofar gida. Washegari na kira likitan ƙwaƙwalwa, na ce a ba mu rana mafi kusa.