Kawu Lawan da Kundin Sagir

Kawu Lawan ƙanin babanmu ne. Daga wani ƙauye a Jigawa ya zo Kano yana saurayi, ya shiga kamfanin fata a Challawa, bai fito ba sai da gashinsa ya yi fari. Kemikal ya cinye masa farce. In ya taɓa fata da yatsa zai gaya maka ko ta akuya ce ko ta tunkiya, idonsa a rufe. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar baba, ni da ƙanena Sagir. Ni a firamare na tsaya, na kama aikin roba a Sharada. Sagir kuwa har jami'a.

Ranar da Sagir ya ce an saka shi cikin masu rubuta kundin sana'o'in Kano, wallahi har rawa na yi a tsakar gida. Na ce, "Kai, wane irin littafi ne kundi?"

Ya ce, "Yaya, littafi ne da ke tattara komai. Duk abin da kake nema, ka buɗe ka gani."

Kawu ya gyaɗa kai. Ya ce ai ya san kundi, malaminsu na ƙauye yana da shi, kuma kowace addu'a a ciki an rubuta daga wajen wanda aka karɓo ta. Don haka ya zaunar da Sagir ya ba shi komai: jiƙo, cire gashi, jima da bagaruwa irin ta da, da yadda inji ya zo ya canza aikin. Abin da ko yaran sashensa bai koya wa ba.

Da littafin ya fito, ni na ɗauko shi a ƙirji har gidan Kawu a Na'ibawa, ina nuna wa 'yan adaidaita. Kawu ya tara tsofaffin abokan aikinsa a ƙofar gida, har da lemo. Ina karantawa a hankali, ina tuntuɓe, suna cewa, "Maganar Lawan ce wannan sak!"

Sai Kawu ya ce, "To karanto daga wa aka karɓo."

Na duba sama, na duba ƙasa. Ga hoton hannayensa nan, farcen nan duk a cinye. A ƙasa an rubuta: hannun wani ma'aikaci.

Na kira Sagir a waya a gabansu, na buɗe muryar. Ya ce, "Haba Yaya, kundi ai ba a cika shi da sunaye. Na masana ake sawa a bayan littafin."

Kowa ya ji. Kawu ya rufe littafin ya miƙo min, ya ce a sha lemo kar ya huce.

Bayan sallah Sagir ya zo da rikodarsa, wai za su ƙara babi a kan rinin fata. Ya durƙusa ya gaishe shi. Kawu ya amsa lafiya lau, ya tambayi iyali. Sannan ya ce, "Challawa cike take da ma'aikata, Sagir. Je ka nemi wani."