Verlon Tillery, Direban Ko-ta-kwana

Kowace Lahadi, tun kafin a kaɗa ƙararrawar coci, Verlon Tillery ya riga ya ba karensa abinci, ya sha gahawarsa a tsaye, ya ɗauki jakarsa. Ba abin da ke cikinta sai rigar tsere wadda wuta ba ta ci, da hular kwano, da ƙullin dafaffiyar gyaɗa. Sai ya hau akori-kurarsa shi kaɗai, ya nufi filin da ake tseren motoci a wannan makon. In ya isa ya sa rigar, ya nemi tsohuwar taya a bayan katangar makanikai ya zauna. Aikin ke nan, jira. In zafi ya kayar da wani direba ana tsakar tsere, a zaro shi ta taga, don motocin ba su da ƙofa, a cusa Verlon. In kowa ya gama lafiya, ya tuɓe rigarsa ya koma gida ko sitiyari bai taɓa ba, kuma yawancin Lahadi haka take ƙarewa. A watan jiya likita ya ce idanunsa sun gaji, ya rataye rigar. Na duba jaridu ban ga wadda ta kula ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu da muka tashi a tsakiyar gonakin taba na Karolina mun san shi tun kafin ya zama mai jira. A filin jar ƙasa na bayan gari, da yammacin Asabar, Verlon ba ya shiga kwana kamar mutane. A karkace yake shigarta, gindin motar na lasar katanga, ƙasa na yi mana feshi. Mu koma gida haƙora cike da yashi, muna kiran sunansa. Matarsa Odessa kuwa tana zaune kan rufin akori-kura ta rufe ido da tafin hannu, tana tambayar na kusa da ita, "Ya wuce? Don Allah ya wuce?"

Da aka kira shi tseren manya, na motoci masu nauyi a kan kwalta, gari guda ya raka shi bakin titi. Sai dai kwalta ba ta yi maraba da shi ba. A can wanda ya karkata mota taya kawai yake ci, shi kuwa hannunsa ya riga ya saba.

"Manomi," in ji makanikai, "nan ba gona ba ce, daina yi mana huɗa a hanya."

"Ku zuba mata ƙasa mana, ku ga aiki," yakan ce yana dariya.

Kakar tsere ɗaya ya yi aka ba wani kujerarsa. Kunyar mutanen da suka raka shi ta hana shi komawa filin ƙasa, sai ya zauna a bayan katanga. Ga kuma dokar wannan tsere: wanda ya tashi mota a farko shi ke da sakamako, ko da zagaye ɗaya ya yi ya sauka. Verlon ya sha ƙarasa tseren wasu cikin mota mai zafi kamar tanda, a kujerar da ba a auna da jikinsa ba, a ƙarshe a kira sunan wani. 'Yan ƙasa suna ce masa ɗan kwalta, 'yan kwalta suna ce masa Manomi. Bayan Odessa ta rasu, ko wanda zai tambaye shi yadda aka tashi babu. Abin da yake nema bai fi ɗaya ba, mota tasa da sunansa a saman taga.

Kuma ta zo. Wata Lahadi ta Agusta hayaƙi ya riƙa kwarara cikin motar wani matashi, Dorsey Kimbrell, aka zaro shi a sume, aka cusa Verlon. Ranar rana ta narkar da kwalta, mai ya zuba a kowace kwana, kowa sai zamewa yake yana tsoro. Verlon kuwa ya ji kamar ya dawo gida. Ya karkata motar yadda ya saba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, shi ya fara tsallake layin ƙarshe. Kofin da aka miƙa, sunan Dorsey aka zana masa.

Haskell Broome, mai motar, shi da bakinsa ya ba ni labarin abin da ya biyo baya a gareji.

"Verlon, daga mako mai zuwa motar taka ce. Zan sa a goge sunan nan a rubuta naka."

"Yaron fa, maigida?"

"Likita ya ce sai ya yi watanni kafin ya iya dogon tsere. Ni kuwa ba asibiti na buɗe ba."

Haskell ya ce Verlon ya daɗe yana kallon saman tagar nan, har ya sa yatsa ya shafa fentin. Sannan ya ce, "A filin ƙasa, in mutum yana kwance tuƙa masa ake yi, ba a cin gadonsa da ransa. A kawo shi kowace Lahadi ya tashi motar, ya yi zagaye ɗaya. Sauran ka bar mini."

"Amma kai wawa ne. Irin wannan ba ta zuwa sau biyu."

"Na sani, maigida."

Haka aka yi har ƙarshen kakar. Verlon, kai ne kake tallabo Dorsey ka zura shi ta taga, ka ɗaure masa bel, ka tsaya jiran ya zagayo. Kai ne kake shan zafin, shi yana shan tafin. Ya warke, manyan masu motoci suka ɗauke shi, muka riƙa ganinsa a talabijin, kai kuma ka koma kan tayarka. Haskell ya yi gaskiya, irin wannan dama ba ta sake zuwa ba. Na taɓa tambayarka ko ka yi nadama. Ka ɓare gyaɗa ka ce, "Kullum. Amma da na karɓa, da na fi haka yi."

Lahadin farko bayan ya rataye rigar, daga barandata na hango shi. Ya ba kare abinci, ya fito da jakar har bakin akori-kura, sai ya tuna. Ya koma barandarsa ya zauna kusa da kujerar Odessa, wadda ba wanda ya hau tun rasuwarta. Raina ya ɓaci, amma ban tsallaka titin ba, kamar yadda duk garin nan ba mu saba tsallakawa ba. Can da hantsi wata doguwar mota ta tsaya. Dorsey ne, furfura ta cika masa kai, ya rungumo wani abu naɗe da tawul.

"Manomi."

"A'a, yaro. Ka ɓata hanya ne?"

Dorsey ya buɗe tawul ɗin, sai ga kofin nan na Agusta. "Naka ne."

"Sunanka ne a jiki."

"Na sani. Shi ya sa na kasa ajiye shi inda zan riƙa ganinsa, na kuma kasa zuwa. Ka yafe mini."

Verlon ko hannu bai miƙa wa kofin ba. "Ajiye shi ƙarƙashin benci, kada kare ya ture. Kana sauri ne?"

"A'a."

"To zauna." Ya share kujerar Odessa da hannun rigarsa, ya tura masa ƙullin gyaɗa.

Verlon Tillery, sarkin jar ƙasa, mun gode. Mun gode da yashin da ka cika mana baki da shi muna yara, mun gode da kujerar da ka ƙi karɓa. Ku matasa masu hanƙoron kwalta, in na kusa da ku ya faɗi, ku riƙe masa wurinsa yadda mutumin nan ya yi. Mu kuma mutanen garinsa, kada wanda ya ƙara kai masa kofi, yana da ɗaya a ƙarƙashin benci. Gidan yana nan bayan tsohon rumbun taba, kuma ranar Lahadi yanzu ba ya zuwa ko'ina.