Allon Baba Azariya

Duk wanda ya taɓa bin hanyar kasuwar Kagoro ya san allon Baba Azariya. Tsohon malamin Turanci ne, shekara talatin yana koyarwa a makarantar mishan. Da ya yi ritaya, sai ya kafa allo a ƙofar gidansa. Kullum da safe zai rubuta kalmar Turanci ɗaya, da ma'anoninta, da misali. 'Yan acaɓa ma sukan rage gudu su karanta.

Dokarsa ɗaya ce, ba ya misalin ƙarya. Dole ya zama mutumin unguwa ne, da abin da ya faru da gaske. Ya ce haka karatu ke zama a kai. Mutane kuwa suna so, har roƙo suke a saka sunansu.

Shekarar da cuta ta cinye citta, wata Talata ya rubuta "give up". Ya jera ma'anoni: daina abu kamar sigari, ko karaya, ko sakin abin da yake naka. A ƙasa ya sa misali da Turanci cewa Yafet ya saki gonarsa.

Yafet abokinsa ne tun suna ƙungiyar matasa a coci. Ya sayar da gonar da ya gada bayan cittarsa ta ruɓe kaf, kuma Baba kaɗai ya gaya wa. Matarsa Miriyam ba ta sani ba. A hanyar rijiya ta karanta, da bokiti a kanta, mata uku a bayanta.

Da rana Yafet ya zo. Bai gaisa ba, bai zauna ba.

"Malam, na kawo maka damuwata, ka mai da ni darasi?"

Baba ya ce ai gaskiya ya rubuta. Wai gaskiya! Yafet ya ce shi ma bai ce ƙarya ce ba, ya juya.

Baba ya goge allon da hannun rigarsa, amma ai an riga an karanta. Miriyam ta tafi wurin 'yan'uwanta a Godogodo, sai bayan Kirsimeti ta dawo. Sau biyu Baba yana tura fasto ya ba da haƙuri. Yafet ya ce ya yafe, amma ya canja benci a coci.

Baba ya gwada misali da sunayen ƙirƙira na sati guda, ya ce ba su da rai. Yanzu allon yana jingine bayan ɗaki, kaji na hawa kansa. Da safe yana zama a ƙofa da alli a aljihu, yana kallon hanyar gidan Yafet.