Yatsa Biyu na Ruwa a Fangali

Ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba, ba kuma a nan zan fara ba. Haka aka raine mu a ƙasar Azarori. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa gaban mutane, ba a shimfiɗa tabarma a yi hira da shi. In magana ta kama, sai in ɗaga murya in ce wa matarsa, "Ki ce wa mijinki dangar awaki ta faɗi," alhali yana nan zaune yana shan fura. Shi ma sai ya ce mata, "Ki ce wa Inna na ji." Kafin ya yi aure ƙannensa ke ɗaukar saƙon. Haka muka zauna, ba wanda ya ga aibu.

Ni kuwa albasa na sani. Tun ana jan ruwa da guga ana bin fangali ɗaya bayan ɗaya nake aikin garka, kuma duk fadamarmu, maza da mata, ban ga wanda zai koya mini ruwan albasa ba. A je a tambaya. Da injin ban ruwa ya zo, sauƙi ya zo, ɓarna ma ta biyo shi. Ruwa na fitowa daga tiyo da gudu, kafin mutum ya toshe wannan fangali ya buɗe na gaba, na farko ya sha ya wuce kima. Albasa kuwa in ruwa ya kwanta mata a wuya ba ta nuna maka a garka. Sai ka kai ta rudu, rumbun albasa, ka ajiye, bayan wata biyu ka ji wari.

Ɗan nawa ya yi lakkwal, makarantar boko, a Madawa, ya wuce Yamai ya koyo aikin wutar lantarki, ya dawo gida yana gyaran injuna. Saboda ɓarnar nan ya haɗa wani abu. Akwai wata fitila da magina ke amfani da ita su daidaita gini, mai fidda haske siriri kamar zare, suna ce mata lazar. Ya ɗora ta bisa ƙarfe mai ƙafa uku a tsakar garka. Cikin fangali kuma ya sa gora mai sanda a tsaye, a kan sandar ya ɗaura wani ɗan ido na gilashi. In ruwa ya shiga, gora ta taso, ido ya taso da ita. Da ido ya kai ga zaren hasken nan, sai makullin tiyo ya rufe da kansa, ruwa ya juya fangali na gaba. Na tsaya na gani da idona, rani biyu a jere. Ban ce masa komai ba, amma na ga albasar da ta fita.

Wata rana wasu baƙi suka zo da mota suka yi ta ɗaukar hoton abin. Tsohon mushen da ya koyar da shi a lakkwal ya ce masa ya yi maza ya nemi takardar shaida cewa shi ya ƙago shi, kada gobe ya tarar da shi a kasuwa da sunan wani. Ya rubuta dosiye, wato takardun neman shaidar, da Faransanci, ya kai wani ofishi a Yamai, su kuma suka tura gaba, can wata ƙasa inda masu duba irin wannan suke.

Kusan shekara sai ga amsa. Ya karanta a tsaye, ya ninke ta, ya soka a rufin rumfa inda muke soka tsintsiya. Kwana biyu bayan haka na ga ya fiddo tsohuwar jakarsa ta tafiya yana ɗinke mata hannu. Abokansa na shirin tafiya ci-rani Aljeriya da zarar an gama dashe. Mutum mai 'ya'ya huɗu, mai sana'a a hannu, furfura ta fara fito masa a gemu. Na san maza da yawa da suka bi hanyar nan ta hamada, na kuma san gidajen da har yau ake jira.

Da ya fita na zaro takardar na miƙa wa matarsa, don ita ma ta yi lakkwal. Na ce, "Ɗiyata, mi suka ce? Sun ce ƙarya yake?"

Ta ce, "A'a, Inna. Ba su ce ƙarya ba ne. Mai dubawar ya ce bai gane iyakar abin da yake cewa nasa ba. Ya ba shi wata uku ya gyara, in bai gyara ba za a rufe dosiyen. Wata ɗaya ma ya tafi a hanya."

Na ce ta karanta mini wuraren da mutumin ya tsaya. Uku ne. Inda aka rubuta cewa ruwa zai kai tsayin da ya dace, ya tambaya, wane tsayi? Inda aka ce ido yana kusa da ruwa, ya tambaya, kusa ta yaya, a kan mi yake zaune? Inda aka ce ana sarrafa hasken yadda ake bukata, ya ce wannan bai faɗi komai ba, kowace fitila a duniya haka ake yi da ita.

Ni ban san baƙi ba, amma na san ba da labari. Jikokina in na ce musu mutum ya tafi can, ba sa barina in wuce, sai sun ce, can ina? Na ga mutumin nan da ban san ko fari ne ko baƙi ba, tambayar da yake yi ke nan.

Da la'asar ɗana ya dawo ya ga takardar a cinyata. Na ce wa matarsa, "Ki ce wa mijinki mai dubawar nan da gaskiyarsa."

Bai bi ta kanta ba. Ya ce, "Inna, mutumin nan yana zaune cikin sanyin ofis, bai taɓa ganin fangali ba."

Na juyo na dube shi, abin da ban saba ba. Na ce, "Shi ya sa kai za ka nuna masa. Kai kana kallon garka kana rubutu, shi takarda kawai yake kallo. Gobe da safe ka same ni a fadama, ka zo da abin awonka."

Matarsa ta sunkuyar da kai tana tsintar shinkafar da ta riga ta tsince.

Da safe muka buɗe ruwa. Na ce masa albasar da aka dasa jiya ruwanta yatsa biyu, wadda ta fara ƙwai yatsa uku, wadda ta kusa kwanciya a rage mata. Ya ce, "Yatsan wa?" Ya jera nasa kusa da nawa. Nasa biyu sun kusa nawa uku. Ban taɓa tunanin haka ba. Shekara da shekaru ina ce wa mata yatsa biyu, ashe kowace da nata ruwan take komawa gida. To, ba a ja da abin da ido ya gani. Na karyo karan dawa, na tsaya bakin fangali, duk inda na ce ya isa sai in tsoma karan in yi masa tsaga da farce, shi kuma ya auna da mita ya rubuta. Muka yi a wurin laka, muka yi a wurin da ƙasa ke da rairayi, don can ruwa na nutsewa da wuri. Kwana huɗu muna wannan, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Daga ƙarshe ya samu lamba biyu, ta ƙasa da ta sama, ya ce zai rubuta daga nan zuwa nan. Na ce haka gona ma take, ba a faɗin iyakar gabas a bar ta yamma.

Ya sake rubutu. Ya ce ya gama. Na ce ban yarda ba sai an gwada a kan wanda bai taɓa ganin abin ba. Ina da taubashi, ɗan yayan uwata, maƙeri a wani ƙauye hanyar Buza. Ranar kasuwarsu muka hau mota mu uku, ni da ɗana da matarsa.

Da ya hango ni ya ajiye guduma ya ce, "Ke har yanzu ba ki mutu ba? Tun daga tasha na jiyo warin albasa."

Na ce, "Ina zan je ban ci gumbar sadakarka ba? Share gawayin kunnenka, aiki na kawo maka."

Na tsara musu yadda za a yi. Matar za ta karanta ta mayar da Hausa, ba ƙari ba ragi. Maƙeri zai jera abin a ƙasa da tarkacen maƙera yadda ya ji. Mai abin kuwa zai zauna bisa turmi ya rufe bakinsa.

Maƙeri ya zana fangali da yatsa. Ya kafa tsinke uku, fitila ke nan. Ya aje murfin kwalba a matsayin gora. Da aka zo kan ido, sai ya ɗauki ɗan dutse ya aje shi a bakin fangali, kan tudu.

Ɗana ya zabura. "Kawu, ba nan ba, ai bisa..."

Na ce, "In takardar ta isa can, za ka bi ta ka tsaya bayan mutumin kana cewa ba nan ba?"

Maƙeri ya ce, "An ce kusa da ruwa, ga shi kusa da ruwa. Ni abin da aka faɗa mini nake ƙerawa. Uwarka ma da ta ce in yi mata lauje mai ɗan lanƙwasa, sau uku tana maido shi."

Nan take aka gyara: ido yana ɗaure a kan sandar da ke tsaye bisa gora, yana hawa yana sauka tare da ita. Aka sake karantawa, maƙeri ya ɗauke dutsen ya ɗora bisa murfin kwalba ba tare da kowa ya ce uffan ba.

Saura na uku. Matar ta karanta, maƙeri ya riƙe haɓa. Ya ce, "Fitilar kai ka ƙera ta?" Ɗana ya ce a'a, saye ya yi. "Gora fa?" Kowa ya san gora na tasowa a ruwa. "To in na sayo fitila irin taka, na ɗaura ido bisa gora, zai yi?"

Ɗana ya girgiza kai. Sannan ya ce ba zai yi ba. Da ya fara gwadawa, in rana ta take sai ƙyallinta bisa ruwa ya bugi idon, ido ya ɗauka hasken fitila ne, ya rufe ruwa tun fangali bai jiƙa ba. Wata shida yana fama. Daga baya ya sa fitilar ta riƙa ƙyaftawa da wata ƙidaya, ya kuma sa ido kada ya amsa wa kowane haske sai mai wannan ƙidayar. Rana ba ta ƙyaftawa haka, sai ido ya daina ruɗewa.

Na ce, "Wannan yana cikin takardar?"

Ya ce, "In na rubuta shi, Inna, kowa ya sani ke nan. Shi ne sirrin."

Ban ga laifinsa ba, daga gida ya ɗauko. Ni kaina akwai yadda nake shanya irin albasa da ban taɓa gaya wa matan unguwa ba, kuma ubansa ya rasu da maganin dafin kunama a bakinsa, ko mu bai bar wa ba. Amma na ce masa, "Kai ka je ka nemi a shaida maka abinka, sai ka nuna musu fitilar magina da gorar kowa, ka rufe naka da zane. Mi kake so su shaida? In ɓoyewa za ka yi, ɓoye, ka daina wahal da mutane. In takarda kake so, faɗi abin da ka yi, da ƙidayarsa."

Matarsa ta ce ai a dosiyen farko akwai zanen da ya nuna ƙyaftawar, can shafin baya, bayanin ne ya ƙi yi a inda ake faɗin abin da mutum ke nema. Ya harare ta. Maƙeri ya yi dariya ya ce, "Ɗana, mata biyu sun sa ka tsakiya, ni ba ni da ƙarfen da zai fid da kai."

Muka dawo gida. Kwana uku ɗana bai taɓa takardar ba, jakar kuma tana rataye a ƙofar ɗakinsa, an gama ɗinkin hannunta. Ni kuwa na riga na faɗi nawa. Na dai bar zuwa garka, na zauna a tsakar gida inda duk fitarsa da shigarsa sai ya wuce ta gabana. Rana ta huɗu bayan sallar azahar ya fito da teburi ƙarƙashin rumfa, ya kira matarsa. Na ji suna ta gardama kan kalma ɗaya har la'asar. Abubuwa biyar ya ce nasa ne a takardar farko. A wannan ya bar biyu, ya zubar da uku da kansa.

Saura kwana tara wa'adi ya cika ya shiga motar Yamai ya kai da hannunsa. Ranar da ya dawo abokansa sun kwana biyu da tashi. Ya ce wa matarsa zai bi su in amsa ta zo ba daɗi. Na ji, na yi kamar ban ji ba.

Amsar ba ta zo ba sai da aka yi damina aka kai gero rumbu. Sun karɓi biyun nan. Takarda ce mai kauri da hatimi, ba ta kai faɗin faifai ba. Ya yi ta gunaguni cewa abin da aka rubuta masa ɗan kaɗan ne, shekarun da ya yi yana wahala an ƙulle su a layi goma. Amma a ranin nan mutane daga Bangi da Urno suka fara zuwa ya haɗa musu, har ya rasa lokacin gyaran injuna. Daga cikin abokansa da suka tafi, biyu sun dawo, ɗaya muna jin labarinsa ta waya. Shi yana nan. Da safen nan ma na ji shi yana faɗa da wani mai garka da ya ɗaura gorar a karkace.